Yaya Kaltume da surukinta a ɗakin likita

Yayata Kaltume, mai wainar Hayin Banki, kunya ce za ta kashe ta, kuma ba da wasa nake ba. Matar da ta aurar da 'ya'ya huɗu da tanda ɗaya, direbobin Kawo suna layi a ƙofarta, amma har yau ba ta iya cin abinci a gaban suruki.

Shekarun baya aka cire mata nono ɗaya saboda sankara. Ta cusa tsumma a wajen, ta ja hijabi, ta koma bakin murhu. Na ɗauka daga ni sai 'yarta Hasana muka sani.

Bana idonta ya yi rawaya, ga ƙaiƙayi har tana susa da cokalin juya waina. Unguwa ta yanke hukunci: ciwon shawara ne. Wannan ya kawo rake, wancan jiƙo. Mijin Hasana, Mansur, direba ne Bakatsine mai kirkin da ya yi yawa. Shi ya kai ta asibiti, ya bi ta har ɗakin likita ya tsaya. Likita ya tambaye ta ko an taɓa yi mata aiki. Ta kalli Mansur, ta ce a'a. Haka suka yi ta zarya, ana neman ciwo inda ba ya nan, tana ramewa.

Da na zo daga Katabu na ji, raina ya ɓaci ƙwarai. Na bi su asibiti, na aiki Mansur sayen ruwa, na zazzage wa likita komai. Hoto ya nuna sankarar ce ta dawo, ta danne hanyar da ruwan maɗaciya ke bi daga hanta. Aka zura ɗan bututu ta baki aka buɗe hanyar. Ƙaiƙayi ya lafa, ta samu barci. Amma likita ya ce ba warkewa ba ce, kuma maganin sankarar sai hantar ta farfaɗo, in ta farfaɗo. An ɓata lokaci.

A baranda na tarar da Mansur, na fara kame-kamen yadda zan faɗa masa. Ya sunkuyar da kai.

"Inna, ai na sani. Hasana ta gaya mini tun bara. To ta yaya zan ƙaryata Umma a gaban likita?"