Yadda Mutanen Fadama Suka Rufa wa Malam Asiri

Ni aka ɗora wa aikin auna darajar malamina, kuma har gobe ina jin haushin kaina a kan yadda na yi shi.

Malam ya ƙare ƙuruciyarsa yana bincike a kan shinkafar fadamar Haɗejiya. Shi ya koyar da ni, daga baya muka zama abokan aiki a sashe ɗaya na jami'a. Saura masa shekara guda ya yi ritaya, ga shi bai zama farfesa ba, alhali wasu da suka zauna a ajinsa sun zama. Wannan ne karo na ƙarshe da zai iya nema. Bai taɓa faɗa ba, amma kowa ya san abin yana cinsa.

A wurinmu ana auna mai bincike ne da yawan masanan da suka ambaci sunansa a rubuce-rubucensu. Ka sa sunan mutum a kwamfuta, ta fito maka da lamba, shi ke nan an gama da kai. Na sa sunan Malam, abin da ya fito sai da na ji kunya. Dalili kuwa a fili yake. Yawancin abin da ya rubuta da Hausa ne, wani ma da ajami, a 'yan takardun da yake rabawa ranar kasuwa. Kwamfuta kuwa ba ta cin kasuwar ƙauye.

Amma ni na san abin da ya yi. Shi ya tace wani irin shinkafa mai saurin nuna, wadda ake yankewa kafin kogi ya kawo. Daga wajen Kaugama har zuwa Baturiya ita ake shukawa. Na je gaban kwamitin ƙarin girma na yi ta kumfar baki, na ce idan masana ba su ambace shi ba, a je a ji daga bakin manoma. Da ƙyar suka yarda za su tura mutum biyu, ni in yi musu jagora.

Da na gaya wa Malam, sai ya ce, "Ka aika wa bulaman ƙauyen da za ku je tukuna, ya san da zuwanku."

Ban aika ba. Ba na so a ce mun kitsa wa manoma abin da za su faɗa. A ganina gaskiya ba ta bukatar ɗan aike, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai.

Muka tafi cikin farar motar ofis mai tambari a ƙofa. Baƙin nan biyu kowa da fayil a hammata, ɗaya har da kwat. Ƙauyen yana can bakin fadama, kuma ambaliyar bara ba ta bar shi da kyau ba. Katangu a zube, rumbuna a karkace, ciyawar kachala ta cinye rabin hanyar ruwa. Bulama, wato mai garin, ya sa aka yi mana shimfiɗa a gindin tsamiya. Dattijo ne da Malam ya ci tuwon gidansa ba adadi. Ya dubi motar, ya dubi fayilolin, sannan ya gaishe ni kamar bai taɓa ganina ba.

Mai kwat ya buɗe littafinsa. "Wa ya kawo muku irin shinkafar da kuke shukawa?"

"Iri?" in ji bulama. "Ai gado ne, ranka ya daɗe. Mun taso mun tarar."

Na faɗi sunan Malam. Bulama ya juya ga mutanensa. "Akwai wanda ya san wani mai wannan suna?" Kowa ya girgiza kai. Na fito da waya na nuna masa hoto. Ya ƙura mata ido, ya miƙo mini. "Ido ya tsufa, ɗana."

Na ƙifta masa ido don ya saki jiki. Sai ya gyaɗa mini kai a hankali, ya ƙara da cewa su ba su taɓa karɓar ko ƙwayar iri daga hannun ma'aikacin gwamnati ba. Aka kira manoma ɗaya bayan ɗaya, bakinsu ɗaya. Muka je ƙauye na biyu, ashe labari ya riga mu a kan babur. A hanyar dawowa ina ta zagin manoman a zuci, ina cewa butulci dai ba a kai talaka.

Rahoto ya ce ba a sami shaidar cewa aikin Malam ya isa ga manoma ba. Aka hana shi. Ya karanta takardar a tsaye, ya ninke, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ya yi ritaya, ba a daɗe ba hawan jini ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye.

Ina gidansa a Haɗejiya wata ranar Lahadi da hantsi, sai ga bulama da rabin buhun shinkafa. Ya zauna kusa da katifar Malam, fuskarsa cike da fara'a.

"Allah gafarta Malam, ai sun zo nemanka," in ji shi. "Irin motar da ta zo bayan ambaliya, ta tafi da malamin gonarmu a kan maganar iri, har yau bai koma aiki ba. Ina ganinsu na ce yau kuma kanka aka biyo. Na ce wallahi ba da bakinmu ba. Ko takardunka da ke gidaje sai da mata suka tusa a murhu. Ɗan naka ma ya yi ƙoƙari, shi ya ƙifta mini ido."

Na buɗe baki zan yi magana. Malam ya ɗaga yatsa ɗaya na hannun da ke motsi, na yi shiru.

"Kun yi zumunci, Bulama," ya ce. "Allah ya saka da alheri."

Bayan tafiyarsa Malam ya sa na yi alkawarin ba zan taɓa gaya wa bulama gaskiya ba. Bai zarge ni ba ko da kalma ɗaya, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Malam ya rasu da damina. Ranar sadakar uku bulama ya zo cikin kwale-kwale da mota, taɓo har gwiwa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, idonsa jawur.

"Ko ba komai, ɗana, ya tafi da mutuncinsa. Ba su same shi ba."

Na ce, "Haka ne, Baba."