Jakar Dakta Feldman

Har gobe ban manta da wata Juma'a ta hunturun 1991 ba, ina mai gadin ƙofa a wani ɗakin karatu a tsakiyar London. Lokacin ana fama da fargabar bam. Dokar aikinmu ita ce, jakar da aka gani ba mai ita, a fitar da kowa, a kira 'yan sanda, su kuma sukan tarwatsa ta.

Akwai wani tsoho Bayahude, Dakta Feldman, mai nazarin littattafan malamansu na da. Tunda ya ji na iya Larabci ya liƙe mini da hira. Ni kuwa ban yarda da fara'ar da ta yi yawa ba, sai na sa masa ido.

Ranar, bayan faɗuwar rana, na hango jakarsa ƙarƙashin tebur, shi babu shi. Na gaya wa shugabarmu, Misis Clark, ta ce, "Ka tabbata ya fita?"

Na ce, "Ta gabana ya wuce, hannu rabbana."

Aka fitar da mutane, 'yan sanda suka iso. Na bi titi da gudu, na cim masa yana tafiya a ƙasa. Da ya ji abin da za a yi wa jakar, ya juyo da sauri, domin aikinsa na shekaru ne a ciki. Ashe karatu ne ya ɗauke shi har rana ta faɗi, Asabar ɗinsu ta hutu, wadda ke farawa daga faɗuwar ranar Juma'a, ta shiga, kuma a cikinta addininsu ya hana ɗaukar kaya a titi. Ya dawo ya shaida jakarsa, amma ya ƙi tafiya da ita. Ni na kulle masa ita a ma'ajiya.

Ranar Litinin na tambaye shi, raina a ɓace, "Dakta, mene ne hikimar wannan?"

Ya ce malamansu na Bagadaza da Andalus da Masar sun daɗe suna muhawara. Wasu sun raba dokoki biyu: waɗanda hankali ke kamawa, da waɗanda aka ji aka bi. Wasu suka ce kowace doka tana da dalili, ko an gano ko ba a gano ba.

"Ta jakar fa?"

"Ina kan nema, Malam Sabo. Ban dai jira amsa ba kafin in bi. Kai ma ai dokarka ka bi."

Ku masu tasowa, aikin ƙofa zargi ne, kada ku sassauta. Ko yau zan sake kiran 'yan sandan. Amma tun daga ranar, kowace Juma'a nakan je teburinsa in gaya masa rana ta kusa faɗuwa, don ya tafi da jakarsa.