Motar da Aka Hana Ɗaukar Zafi

Tun da yayana ya sayo motar nan daga Kwatano take shan mai kamar ana tsiyayar da shi a ƙasa. Da ita yake jigilar fasinja daga Jibiya zuwa Maraɗi, kuma a tasha ba a jiran kowa. In motarka ta daɗe a gareji, 'yan kamasho su ba wani layinka. Kawunmu, tsohon bakanike a bakin hanyar boda, ya saurari injin, ya shafo baƙin hayaƙin da ya taru a bakin salansa, ya ce sai an sauke inji. Na san in aka sauke shi, layin yaya ya tafi.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Kano da na'urar duba mota ba, wadda kowa ke ce wa kwamfuta. A garejin kawu kallon ɗan duba ake yi mini. Na haɗiye haushi, na ce kada a kwance ko noti sai na gwada.

Na jona ta a ƙarƙashin sitiyari, muka bar motar tana aiki. Rana na dukan ƙeya, amma na'urar ta nuna ruwan injin ya ƙi ɗaukar zafi. Na fara zargin sansar da ke auna zafin. Na kwance ta, na karɓo ruwan zafi wurin mai shayi, na tsoma ta. Nan take lambar ta hau. Ashe gaskiya take faɗi.

Sai na bi bututun ruwa na buɗe. Babu tamostat, ɗan ƙarfen da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama. Fankar ma an haɗa ta kai tsaye, ba ta hutawa.

"Ni na hidda shi," in ji kawu. "Wanga abu na ƙasar sanyi ne. Duk motad da taz zo, sai na hidda mata shi."

Na ce, "Kawu, Allah shi ba ka haƙuri. Ƙwaƙwalwar motar gani take kullum asuba ce, inji da sanyi, shi ya sa take ta ɗura mai."

"To, mai da shi. In inji ya yi zahi gasket ya ƙone, kai ka sani."

Yaya ya dubi kawu, ya dube ni. Tsoro na ji ƙwarai, don mun tashi muna ganin kawu ba ya kuskure. Amma na ga abin da na gani. Na samo tamostat na sa, na mai da fankar kan sansarta, na sake filogi.

Muka ɗauki hanyar Daddara, yaya na tuƙi, na'urar na kan cinyata. Allurar zafi, wadda bai taɓa ganin ta motsa ba, ta fara hawa. Ya ɗaga ƙafa daga totur.

"Kai, ta hau! Bari in tsaya mu zuba ruwa."

"Yaya, don Allah taka."

"Ka san mi kaka yi kuwa?"

"Taka dai."

Gumi ya jiƙa mini riga. Allurar ta kai tsakiya, ta tsaya cak. Can muka ji fankar ta tashi da kanta, ta ɗan yi aiki, ta yi shiru. Sai yaya ya juya kan motar.

"Gareji za mu koma?" na tambaye shi.

"Tasha," ya ce. "Ni ke bin mai lodi a layi."