Malam Badaru da waken Iya Kellu

Shekara talatin da ɗaya Malam Badaru ya yi yana aikin malamin gona tsakanin Gaya da Ajingi, da farko a keke, daga baya a babur. Mutum ne mai yawan tambaya. In ya isa gona sai ya tsuguna ya ɗebi ƙasa yana murzawa, ya bar mai gonar ya gama bayaninsa tukuna.

Kakata Iya Kellu tana da wani jan wake da mahaifiyarta ta zo da shi garinmu Gafasa daga Barno. Babu mai irinsa a garin. Shekara biyu a jere ƙwari suna cinye mata shi a rumbu, har abin da ya rage bai wuce kwano huɗu ba. Malam Badaru ya kawo mata buhun nan mai leda biyu a ciki, ya nuna mata yadda ake matse iskar a ɗaure. Ya ce ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska.

Bayan wata biyu ta aika masa cewa buhunsa ƙarya ne, ƙwari na nan suna shagalinsu. Ya zo ya zauna a zaure, ya duba ledar, babu huji. Bai yi musu ba. Hira ya ja ta da ita, har ta faɗa da bakinta cewa duk Juma'a takan kwance ta ɗebi tafi guda na sadaka, kamar yadda uwarta ke yi.

"Iya, ashe ke kike buɗe musu taga," in ji shi.

"To, in hana Allah nasa saboda leda, ɗan nan?"

Ya yi dariya ya ce a'a. Ya sa aka shanya waken a rana, aka tsince masu huji. Sannan ya ce ta ƙirga Juma'o'in da suka rage kafin shuka, ta ware tafin kowacce a tulu daban. Sauran aka ɗaure, ta yi alkawarin ba za ta taɓa ba sai ruwa ya sauka.

Da ruwa ya sauka ta kwance buhun, ga kwano biyu da rabi lafiya lau. Yau gida bakwai ke shuka shi.

Malam Badaru ya yi ritaya, yana Ajingi, ciwon gwiwa ya raba shi da babur. Iya ta rasu bara, ta bar wasiyya duk kaka a kai masa kwano guda, ni nake kaiwa. Yakan zuba a tafinsa ya duba ko da huji, sannan ya ce Allah ya jiƙanta.