Ƙusumbin Ƙofar Dama

Ermes Guidetti ya yi shekara hamsin yana bugun bodin motocin tsere da guduma a bayan garin Modena, kuma bai taɓa ƙera motar da gefenta na hagu ya yi daidai da na dama ba. Ba don bai iya ba. Shi a wurinsa mota kamar takalmi take, jikin mai ita ake aunawa. Duk wanda ya zo masa da abin awo yana ƙorafi, hanyar fita yake nuna masa.

Yana da shekara tamanin da ɗaya, hannuwansa na rawa har matarsa Dirce ta daina cika masa kofin gahawa, sai ga wani lauya daga Milano ya ƙwanƙwasa musu ƙofa.

"Baba Ermes, sunana Castoldi. Ni ne mai mota lamba ashirin da bakwai ta garejin Malavolti."

Ermes ya ce, "Wacce daga ciki?"

Ba tsokana yake yi ba. Marigayi Malavolti, maigidansa na farko, mutum ne mai maƙo na fitar hankali. A wancan zamanin in za a fita da mota tsere ƙasar waje, kwastan kan ba da takarda ne bisa lambar da ke kan ɗan farantin ƙarfen da aka ɗaure a jikinta. Maimakon ya nemi sabuwar takarda, sai Malavolti ya kwance farantin daga wannan mota ya ɗaura wa waccan. Kowa haka yake yi, ba wanda ya ɗauke shi laifi. Wa zai yi zaton jikoki za su zo suna shari'a a kan kusoshi huɗu? Haka aka yi motar da Oreste Bonacini ya ci tsere da ita a Faransa a 1956 ta tafi da lamba ashirin da bakwai, alhali a matsayin ashirin da huɗu aka ƙera ta.

Daga nan ta shiga duniya. Wani likitan haƙori a Ajantina ya saye ta, ya shafe ta da shuɗin fenti, ya maka ta a bishiya. Wani Ba'amurke ya cusa mata injin da ba nata ba. Ta yi shekara goma sha takwas a rumbu kaji na ƙwai a kan kujerarta, sannan ta koma hannun wani attajiri a Suwizalan da bai taɓa tayar da ita ba ko sau ɗaya. Duk wanda ya sayar sai ya ƙara wa tarihinta gishiri. Yanzu ga ta a hannun lauya, ga kuma wata ta ɓullo daga Beljiyam da farantin lamba iri ɗaya. Ranar Asabar kwamitin tsofaffin motoci zai zauna, a rubuta ɗaya a matsayin motar Oreste, a soke ɗayar a ce jabu ce. Cikin waɗanda suka ƙera ta, Ermes kaɗai ya rage a raye.

Ermes ya ce, "Wannan ai ba abin taro ba ne. Oreste ya karye a gwiwar hannu lokacin yaƙi, hannun ba ya lanƙwasa sosai. In ya juya sitiyari sai ya doki ƙofa. Kwana uku na yi ina zaunar da shi ina bugu, har na fitar masa da ƙusumbi a ƙofar dama. Je ka duba ƙofarka."

Lauya ya shiga juya hularsa.

Dirce ta ce, "Tsoho, dubi fuskarsa. Wannan ya yi ɓarna."

Ashe shekara biyu motar ta yi a wurin masu gyara. Na'ura ta auna ta, ta ce ƙofar dama ta kumbura, su kuma suka daddanne ta har ta yi sumul kamar 'yar'uwarta.

Haushi ya turnuƙe Ermes. "Likitan haƙori ya bar shi! Ba'amurke ya bar shi! Kaji ma, kaji, sun bar shi! Sai kai mai ilimi? Ba wanda ya ce maka akwai wani tsoho a Modena da za a tambaya?"

"Mun zaci ka rasu, Baba."

"To sannunku da zato."

Ya rantse ba inda za shi. Ya yi kwana biyu yana tsaki, ya ƙi cin taliya, ya zagi Malavolti a kabarinsa. Amma abin ya ƙi barinsa: in bai je ba, aikin hannunsa ne za a kira jabu. Ranar Asabar da safe Dirce ta tarar da shi ya riga ya sa kwat, yana kokawa da maɓalli.

Jajayen motoci biyu ne a zauren kwamitin, gefe da gefe. Ta lauya sumul. Ta Beljiyam kuwa, ga ƙusumbi a ƙofar dama, kyakkyawa, an kwaikwaye shi daga tsofaffin hotuna. 'Yan kwamiti duk sun kewaye ta suna gyaɗa kai. Ermes ya ji kamar ya fashe don takaici.

Shugabar kwamitin ta ce, "Baba, hotuna dai sun nuna wannan."

"Hoto ba ya shiga ciki, 'yata. Ku matsa."

Ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannu cikin ƙofar ta Beljiyam, don ƙofar motar tsere ba ta da rufi ta ciki. Santsi ya ji, ko ƙwarzane babu. Ya ja gwiwa zuwa ta lauya, ya rufe ido, ya shafa. Sai ga su a ƙarƙashin yatsunsa, ɗaruruwan tabon guduma, kowanne da ɗan tsagi a gefe. Gudumarsa ta ɓantare a baki tun farkon shekarar da ya ƙera motar, Malavolti ya ƙi sayo masa wata. Masu gyara sun danne ƙofar sun shafe waje, amma ba wanda ya damu da ciki.

Dirce ta buɗe jakarta, ta ciro gudumar daga cikin tsumma, ta miƙa wa shugabar. Aka haska fitila, aka gwada bakinta da tabon, ya zauna cif. Aka rubuta motar lauya a matsayin ta Oreste. Ermes ya sa hannu, sunan ya fito a karkace.

Lauya ya riƙo kafaɗarsa, ido ya ciko. "Baba, na tuba. Ka mayar mata da ƙusumbinta. Duk abin da kake so zan yi."

Ermes ya karɓi gudumar. Ya ɗaga ta daidai inda gwiwar hannun Oreste take bugawa, wurin da ko a mafarki ba zai ɓace masa ba. Kan gudumar ya shiga kaɗawa, ya sa hannun hagu ya tallafa, suka kama rawa tare. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke ta a hankali don kada ta taɓa fenti.

Ya ce, "Hannu biyu suka yi shi, Lauya, na Oreste da nawa. Nasa yana kabari, nawa kuma ga shi kana gani. Da ma ka zo shekara biyar da suka wuce."

Ya miƙa wa Dirce gudumar, ta naɗe ta cikin tsummanta, ta kama shi suka fita.