Agogon da Ueli Gfeller Bai Ji Ba

Ueli Gfeller mutumin garin Grenchen ne, kuma tun yana ɗan shekara goma sha shida da kunnensa yake cin abinci. Aikinsa a masana'antar agogo shi ne ya kara agogo a kunne, ya ji ko bugun na tafiya daidai, sau biyar a kowace daƙiƙa. Akwai injin gwaji, amma Maigida Schluep, shugaban sashensu, ba ya sakin agogo sai kunne ya shaida. Agogo tamanin Ueli ke saurara a wuni.

Ranar Asabar kuwa ganga yake kaɗawa. Su huɗu ne, suna kiran kansu Bleihammer, kiɗansu irin mai tsananin ƙarar nan ne na jitar lantarki. Da yake maƙwabta ba sa ɗaukar hayaniya, sai suka koma ɗakin fakewa daga bam da ke ƙarƙashin makaranta. Kankare ne ta ko'ina, ga ƙofar ƙarfe, babu taga. Ƙarar ba ta da mafita sai kunnuwansu. Sau ɗaya Ueli ya cusa auduga, Köbi mawaƙinsu ya ce to sai a nemo wa kaka bargo da shayi. Ya zare audugar, bai ƙara ba.

A 1971 suka je Zürich suka ɗauki faifansu na farko, waƙa bakwai cikin kwana uku. Ranar Litinin Ueli ya tashi da wani siririn fito a kunnen dama. Ya ce zuwa azahar zai tafi. Bai tafi ba. Ya shiga ƙirga kwanaki, har goma sha tara, kullum bugun agogo na ƙara yi masa nisa kamar ana janye shi da zare. Bai gaya wa kowa ba. Ya koma satar kallon takardar injin gwaji kafin ya faɗi abin da wai ya ji. Ko takun Schluep ya hango ta gefen ido sai ya ƙara duƙufa kan agogon da ke gabansa, don ya san in kunnen ya tafi, kujerar aikin ma ta tafi.

Rana ta ashirin tsoho Schluep ya tsaya a kansa, ya zaro agogo daga aljihun riga, ya rufe fuskar agogon da babban yatsa, ya manna masa a kunnen dama.

"Ɗan nan, me wannan ke cewa?"

Ueli ya riƙe numfashi. Ba abin da yake ji sai fiton. Ya ƙirga goma a ransa.

"Lafiya lau yake, Maigida. Ya ɗan yi sauri kaɗan."

Schluep ya ɗauke yatsansa. Hannun daƙiƙa na tsaye cik.

"Shekara biyu ke nan ban wana shi ba."

Mutum goma sha ɗaya ne a sashen, duk suka sunkuyar da kai. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya wana agogon, ya zagayo ya kara masa a hagu. Can ƙasa-ƙasa Ueli ya ji bugun, har ya ce yana ja da baya. Schluep ya gyaɗa kai, ya ce saura masa kunne ɗaya, ya zaɓi wanda zai bai wa, agogo ko ganga.

Asabar ɗin nan Ueli ya kai wa Köbi sandunan kiɗansa. Ba su sami wani makaɗin da ya dace da su ba, wata biyar ƙungiyar ta watse. Faifai ɗari biyar aka buga, galibi suka ƙare a kwali.

Shekara talatin da takwas ya ƙara yi a kan kujerar nan da kunnen hagu. Ko an yi jana'iza ba ya tsayawa kusa da ƙararrawar coci. Yanzu masu neman tsofaffin faifai kan buga masa ƙofa, ya fito musu da nasa, su juya shi, su karanta sunansa a baya. In suka nemi a kunna, sai ya ce su bari ya fita lambu tukuna.