Makullin Bas Yana Wurina, Kawu

Kawu, makullin da ake ta nema yana wurina. Ban gaya wa kowa ba, har Mama. An zazzage aljihunan kayan aikinka, an ɗaga katifarka, Dogo babban yaronka ya juye akwatin sifanu a ƙasa yana tonawa. Ni kuwa ina tsaye da tiren kofuna ina kallonsu, makullin na cikin safata ta hagu, inda ka san ina sa shi.

Allah Ya karɓi ranka ranar Talata, bakwai ga watan nan, bayan La'asar. Ka dawo daga gareji ka ce ƙirjinka ya yi nauyi, ka nemi ruwa, ka ce a bar ka ka ɗan kwanta. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ina faɗa kamar yadda manya suke faɗa, amma har yau idan ƙarfe ya faɗi a kan siminti sai na waiga.

Mutane sun san ka da Mai Birki. Ni yayan mahaifiyata na sani, wanda nake zama a garejinsa bayan an tashi makaranta har Mama ta dawo daga aiki. A makaranta Bebiya suke ce mini, don ba na magana. Kai ba ka taɓa kirana haka ba. Manaja ka sa mini, ka ajiye mini benci kusa da shagon kayan aiki, ka hana yaranka tsokanata.

Ban manta ranar da ka fara sa ni aiki ba. Za a cire iska daga birkin wata mota, kuma wannan aiki mutum ɗaya ba ya yin sa. Dole wani ya zauna a kujerar direba yana taka birki, wani yana ƙarƙashin mota yana kwance ɗan noti don iskar ta fita tare da mai. Yaranka duk sun tafi cin abinci. Ka ɗora ni a kujera, ka sa mini matashi a baya don ƙafata ta kai, ka shige ƙasa.

Ka ce, "Manaja, taka ki riƙe. Kin riƙe?"

Na gyaɗa kai.

"Kin riƙe?"

Na sake gyaɗawa.

"Yarinya, ina ƙarƙashin mota. Da gwiwa zan ga kanki? Faɗa da baki. In kika saki ban ɗaure ba, iska ta koma, mun yi aikin banza."

Na ce na riƙe, ka ce ba ka ji ba. Na ƙara faɗa, ka ce sauro ma ya fi ni murya. Sai da na ɗaga murya har mai faci na ƙetaren titi ya juyo, sannan na ji dariyarka daga ƙasa, ka ce, "Yauwa. Saki." Tun daga ranar, ko yaranka suna nan, ni kake kira.

Kana cikin cin abinci mota za ta wuce, ka ajiye cokali ka ce, "Waccan birkinta ya cinye, ƙarfe take ci." Na ga ka bi wata mata da gudu har bakin shataletale, da gwiwoyinka masu ciwo, don kawai ka gaya mata kada ta hau babbar hanya da birkin nan. Samari masu son a sa musu manyan faifan birki a gaba don ado, sai ka fara tambayarsu me za a yi wa baya. Wasu su yi fushi su tafi wani wuri. Ba ka taɓa kiran su su dawo ba.

Da kwalbar ruwa ka koya mini dalili. Ka kwantar da ita a kujera, ka ja mota, ka taka birki, kwalbar ta gangara gaba. Ka ce haka nauyin mota duka yake yi, shi ya sa gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, baya taimako yake yi. Idan aka ƙara wa gaba ƙarfi aka manta da baya, mota ta daɗe ba ta tsaya ba. Idan kuma baya ya riga gaba kamawa, tayoyinsa su ƙame su ja ƙasa, mota ta juya ta kalli inda ta fito. Ka ce na biyun ne ke hana ka barci.

Amma kana da rauni ɗaya, ba ka iya hana mutum abinsa idan ya marairaice. Direbobi sun san haka. Aiki bai ƙare ba za su zo, wannan matarsa ba lafiya, wancan fasinja na jira, su ce gobe za su dawo a ƙarasa. Shi ya sa duk motar da birkinta bai gamsar da kai ba, sai ka miƙo mini makullin a ɓoye. In mai ita ya matsa, ka buɗe masa tafin hannunka ka ce, "Wallahi makulli ba ya hannuna." Ba ka yi ƙarya ba, kuma ba wanda ya taɓa tunanin tambayar yarinyar da ke kan benci. Daga baya ka kan ce, "Manaja, bankin duniya bai kai bakinki tsaro ba."

Bas ɗin Baba Mai Bas ita ce ta ƙarshe. Shi ke kai yaran layinmu makaranta, har da Autanmu. Saboda gangaren da ke gaban makarantar ya ce a inganta masa birki. Ka sa manyan faifai a gaba, ka cire gangunan birkin baya ka mayar da su faifai su ma. Ranar Litinin, bayan ruwa ya ɗauke, ka ce in zo mu gwada a filin bayan gareji. Dogo ba ya nan, matarsa ta haihu. Ka zaunar da ni a kujerar can baya, ka ja, ka taka da ƙarfi. Bayan bas ɗin ya zame gefe, kafaɗata ta bugi taga. Har yanzu wurin yana mini ciwo in na ɗauki bokiti.

Ka tsayar da bas ɗin. Sannan ka tambaye ni wa ke zama a kujerar nan. Na ce Auta, don yana son taga.

Ka ce, "Baya ya yi ƙarfi. Akwai ɗan bawul da ke rage man da ke zuwa masa, yana cikin gwangwanin madara a saman kanta. Gobe za mu sa, mu daidaita." Ka miƙo mini makullin. Gobe ta yi, ka zo, amma ka wuni a zaune kan bencina kana shafa ƙirji, ka ce sai ka ɗan huta.

Kawu, na gaji. Gidan cike yake tun ranar, daga wanke kofi sai shimfiɗa tabarma sai naɗewa. Baba Mai Bas kullum yana zaune cikin masu karɓar gaisuwa, idonsa ja, don abokinka ne tun ban zo duniya ba. Kunya ta hana shi maganar mota, amma na ji yana gaya wa Dogo a ƙofar gida cewa iyayen yara sun fara neman wata bas. Dogo ya ce masa, "Baba, Mai Birki ya gama aikin. Na taka birkin, tauri kamar dutse. Makulli kawai ya rage." Dogo bai yi laifi ba, a tsaye abin ba ya nunawa. Sun shirya gobe da hantsi mai yanka makulli zai zo.

Na sha zuwa kusa da su da tire, in buɗe baki, sai in ajiye kofunan in juya. Ina tsoron a ce yarinya ce, me ta sani. Ina tsoron Inna, matarka, ta ji kamar ina cewa aikinka bai yi kyau ba tun ƙasa ba ta bushe a kanka ba. Kuma gaskiya, makullin nan shi ne abu na ƙarshe da ka sa a hannuna. In na bayar, ba abin da ya rage da za ka dawo ka karɓa.

Ya Allah, Ka jiƙan Kawu, Ka yafe masa kurakuransa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka hutar da gwiwoyin da suka gaji da durƙuso a ƙarƙashin motocin mutane. Duk wanda ya taka birki ya tsaya lafiya ya koma gida wurin iyalinsa, Ka sa ladan a mizanin Kawu. Ka sada shi da rahamarKa, Ka sa Aljanna ce makomarsa.

Ina yi wa Inna ta'aziyya, da yayyena 'ya'yan Kawu, da Mama wadda ba ta da wani ɗan'uwa namiji sai shi. Ina yi wa Dogo da sauran yaran gareji, da Baba Mai Bas, da direbobin da suka yi ta fushi da shi suna dawowa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Gobe zan riga mai yanka makulli zuwa gareji. Ba zan aiki Mama ba, kuma ba zan bari sai sun karanta wannan ba. Zan hau benci in sauko da gwangwanin, in ajiye shi gaban Dogo, in faɗa da baki. Na gwada maganar a bayan ɗaki, muryar tana rawa amma ana ji. Makullin ba zai koma hannun Baba Mai Bas ba sai an sa bawul, an fita fili, na zauna a kujerar Auta an taka, bas ɗin ta tsaya tana kallon gabanta. Kafin nan ina riƙe, Kawu. Ba ka ce in saki ba.